Kafin A Kashe Antibairos: Abin Da Ke Hana Manhaja Hawa Kwamfuta A Shagunan Minjibir

Duk wanda ya san Minjibir ta jihar Kano ya san ƙasar noma ce da saƙa. Gonaki ne a jere, gari na bin gari, ba ka yin tafiya mai nisa ba ka ci karo da ƙauye ba. Da damina gero, dawa, wake da gyaɗa, da rani kuma lambu a gefen madatsar ruwa ta Wasai. A nan ne ma cibiyar binciken noma ta IITA ke da gonar gwajinta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 200,000. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne yadda al'amuran waɗannan mutane suka koma rataye a wuyan wasu 'yan shaguna masu kwamfuta ɗaya ko biyu, da firinta, da janareta a bakin ƙofa. Rajistar NECO da WAEC, rajistar bautar ƙasa, neman aikin soja ko na ɗan sanda, duba sakamakon jarrabawa, duk ta wannan ƙofa ake bi. Tun da gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN a Disambar 2020, JAMB kuma ta ce daga 2021 babu rajista sai da lambar, mai shagon kwamfuta ya zama mutumin da kusan kowane gida ke da buƙata a wurinsa.

Ba duka ayyukan nan ke ƙarewa a shafin intanet ba. Wasu sai an sauke manhaja ta musamman an ɗora wa kwamfuta, an jona na'urar ɗaukar zanen yatsa irin DigitalPersona ko Futronic, ita ma na'urar tana da 'yar manhajarta da ake kira direba, wadda sai da ita kwamfuta ke gane ta. A nan ake samun cikas. Ana cikin ɗorawa, koren layin ya kai rabi, sai komai ya tsaya cak. Wani lokaci saƙo ya fito da lamba 1603, wani lokaci 0x80070005, wani lokacin kuma babu saƙon komai, fayil ɗin da aka gama saukewa yanzun nan ne za a nema a rasa. Ga ɗalibai a waje suna jira, ga man janareta yana ƙonewa, ga ranar rufe rajista ta matso. Duk wanda aka kira a waya, daga abokin sana'a a Gezawa har injiniya a cikin Kano, amsar kusan ɗaya ce: ka kashe antibairos ɗin ka sake gwadawa.

Sau da yawa shawarar tana aiki, kuma a nan haɗarinta yake. Idan manhajar ta gaskiya ce za ta hau. Idan ɓarawo ne ya shirya ta, ita ma za ta hau.

Yadda rigimar ke tashi

Antibairos mai gadi ne, kuma mai gadi ba ya ganin zuciyar baƙo, aikinsa kawai yake gani. To aikin manhaja a lokacin da take hawa kwamfuta ya yi kama sosai da na bairos. Tana kwance kayanta a wata foldar wucin gadi, tana rubuta fayiloli a wuraren da Windows ke tsarewa, tana canza saituna, wani lokaci tana sa kanta cikin jerin abubuwan da za su riƙa tashi duk sa'ad da aka kunna na'ura. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bairos ba ya yi.

Hanyoyi uku antibairos ke bi wajen yanke hukunci. Akwai kundin alamomin ƙwayoyin da aka riga aka sani, wanda kamfani ke sabuntawa kullum ta intanet. Akwai lura da ɗabi'a, wato ko ba a san fayil ba, idan ya yi abin zargi a kama shi. Ta ukun ita ce ta fi shafar mu: tambayar ko an san fayil ɗin a duniya. SmartScreen na Microsoft, wanda ke fito da shuɗin allon gargaɗi, yana duba ko mutane da yawa sun taɓa sauke fayil, da kuma ko yana ɗauke da sa hannun dijital na wanda ya ƙera shi. Manhajar da miliyoyin mutane ke saukewa a Amurka da Turai za ta wuce salin-alin. Manhajar da wani ƙaramin kamfani ya rubuta don makarantun Nijeriya, wadda ake fitar da sabuwa kowace kakar jarrabawa, kullum baƙuwa ce a idon wannan tsari, ko da babu aibun komai a cikinta. Ƙarancin masu amfani da ita ne kaɗai laifinta.

Ba kullum ne ma antibairos ke kama fayil ya killace ba. Wani lokaci riƙe shi kawai yake yi na 'yan daƙiƙu yana bincike, a daidai lokacin da mai ɗora manhajar ke son buɗe shi. Shi kuwa ba ya jira, sai ya ce an hana shi shiga, ya janye. Ma'anar 0x80070005 ke nan: an hana izini. Lamba 1603 kuwa ba ta faɗin komai ban da cewa aikin ya rushe, dalilanta suna da yawa, antibairos ɗaya ne kawai daga ciki. Wadda ke faɗin gaskiya ƙarara ita ce 0x800700E1, domin ita cewa take an dakatar da aikin saboda ana zargin fayil ɗin da cuta. Mafi ban haushi shi ne hawan rabi da rabi: an gama ɗorawa lafiya, ga alamar manhaja a kan allo, amma da an danna sai ta ce wani fayil mai ƙarewa da dll ya ɓata. Antibairos ya tsince shi tun ana tsakiyar aiki bai yi hayaniya ba.

Kwamfutar da ta zo da tarihinta

Kusan duk kwamfutar da ke irin waɗannan shaguna ta hannu ce. Daga Turai ko Amurka ta faɗo Legas, daga can ta iso Kano, a saya a titin Beirut ko a wurin wani dillali, yawanci HP ko Dell da wani ofis ya gama cin moriyarta. Wata tana zuwa da McAfee ko Norton na gwaji wanda wa'adinsa ya ƙare tuntuni. Mai sayarwa ya ƙara Avast ko AVG don ya nuna ya yi wa mai saye hidima. Mai shago ya kawo ta gida ya ɗora Smadav. A ƙarƙashin duka kuma ga Defender, antibairos ɗin Microsoft, wanda tun Windows 8 a 2012 yake zuwa cikakke a cikin Windows kyauta. Masu gadi huɗu ke nan a ƙofa ɗaya, kowanne yana son shi ya fara caje baƙo, wani ma yana ganin ɗan'uwansa a matsayin ɓarawo, domin a ma'ajiyar kowannensu akwai samfurin ƙwayoyin cuta.

Windows na ƙoƙarin raba wannan faɗa. Idan ta ga an ɗora wani cikakken antibairos, Defender kan ja da baya ya bar masa fage. Amma ba ta iya sasanta Avast da McAfee, kuma ba ta iya share ragowar wanda aka cire ba da kyau ba. Wannan ragowa tana da wuyar sha'ani. Mutum zai rantse ya cire antibairos, ba ya ganin sa a jerin manhajoji, alhali direbobinsa na nan a ƙuryar Windows suna tare hanya. Kamfanonin da kansu sun san da haka, shi ya sa kowanne ke da ɗan makamin sharewa na musamman a shafinsa: MCPR na McAfee, avastclear na Avast, kavremover na Kaspersky.

Smadav na buƙatar a yi masa adalci. Ɗan Indonesiya ne, kuma an yi shi ne don ya zauna tare da wani antibairos, ya fi ƙwarewa a kan filash. Farin jininsa a ƙasar Hausa yana da dalili. Duk wanda ya taɓa kai memori wurin masu tura fina-finai da waƙoƙi, ya dawo ya tarar foldojinsa sun koma 'yan alamomi masu kibiya, ya san cutar da ake gudu. A shagon da filash hamsin ke shiga kwamfuta ɗaya a rana, na malamin makaranta, na ɗalibi, na mai neman aiki, tsoron ba na banza ba ne. Sai dai wasu sun mayar da Smadav shi ne kariya gaba ɗaya, sun kashe Defender saboda wai yana cin data yana nauyaya na'ura. Batun data gaskiya ne, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Amma antibairos ɗin da ya yi wata shida bai sabunta kundinsa ba ya tara illa biyu: bai san sababbin ƙwayoyi ba, kuma kurakuran da kamfaninsa ya riga ya gyara shi yana nan yana maimaita su.

Manyan ma suna kuskure

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙauye ce. Ranar 21 ga Afrilun 2010 McAfee ta fitar da sabuntawa mai lamba 5958, wadda ta ɗauki svchost.exe, wani fayil da Windows XP ba ta rayuwa sai da shi, a matsayin bairos. Kwamfutoci suka shiga mutuwa da tashi ba ƙaƙƙautawa, har wasu asibitoci a jihar Rhode Island ta Amurka suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. A ƙarshen Satumbar 2011 antibairos ɗin Microsoft ya zargi Chrome na Google da cewa manhajar satar bayanan banki ce, ya goge shi daga dubban na'urori.

Abin da ya faru a Janairun 2018 ya fi kusa da batunmu. An gano wasu ramuka biyu a ƙirar ƙwaƙwalwar kwamfuta, aka sa musu suna Meltdown da Spectre, Microsoft ta yi gaggawar fitar da gyara. Sai ta gano cewa wasu antibairos na kutsawa ƙuryar Windows ta hanyar da ba a amince ba, kuma idan gyaran ya same su a haka kwamfuta za ta faɗi da shuɗin allo, wataƙila ta ƙi tashi. Sai ta kafa sharaɗi: ba za a tura gyaran ga kowace na'ura ba sai antibairos ɗin da ke kanta ya ajiye wata alama da ke nuna ya dace. Wanda nasa ya tsufa ko wa'adinsa ya ƙare, babu mai ajiye masa alamar, don haka ya zauna babu gyara, kuma babu wanda ya gaya masa. Manhajar da aka ɗora don kariya ita ta tare hanyar kariya. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya.

Saboda haka mai shagon da ke zargin antibairos da kama-karya yana da hujja. Abin da nake ja da shi shi ne tsallen da ake yi daga "yana kuskure" zuwa "a kashe shi duk lokacin da ya yi magana".

Lokacin da gaskiya ke wurinsa

A faɗi abin da kowa ya sani. Kaso mai yawa na manhajojin da ke kan kwamfutocinmu fasassu ne. CorelDraw ɗin da ake zana katin biki da shi, Photoshop ɗin da ake gyara fasfo, Office ɗin da ake buga takardu, har ita kanta Windows, ana buɗe su ne da makamai irin KMSpico. Masu filashin waya, waɗanda da yawansu a kasuwar waya ta Farm Centre suka koyi sana'ar, su ma haka: wanda ba shi da kuɗin sayen akwatin Miracle na asali ko dongul ɗin kamfani, fasasshe yake nema don ya buɗe Tecno, Itel ko Infinix. Umarni na farko a kusan duk bidiyon da ke koyar da ɗora waɗannan shi ne a kashe antibairos. A hankali hannu ya saba, har ya zama ana kashewa kafin ma a karanta abin da ya ce.

Masu damfara sun san da wannan sabo, kuma a kansa suke kasuwanci. Tun 2018 wata cuta da ake kira STOP ko Djvu ta yi ta yaɗuwa ta cikin fasassun manhajoji da makaman buɗe lasisi. Tana kulle fayilolin mutum da ke kwamfuta, ta ƙara wa sunayensu wani baƙon jela, ta bar takardar neman fansa, wadda shekaru da dama ta kasance dala 980, ko 490 idan an biya cikin sa'o'i 72. Wasu nau'o'inta kan taho da wata ƙwayar da ke kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza. Wanda abin ya sama da hannunsa ya buɗe ƙofar, domin an ce masa hakan ne kaɗai zai sa manhajar ta hau.

Yanzu a duba abin da ke cikin kwamfutar shago. Hotunan fasfo na ɗaruruwan yara, takardun haihuwa, lambobin NIN da BVN, lambobin waya, kalmomin sirrin imel da mai shago ya buɗe wa mutane ya kuma riƙe musu saboda ba za su tuna ba. Manomin da ya kawo ɗansa rajista daga garin Kunya bai san me ake kira bairos ba, amana kawai ya bayar. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe bayanan jama'a, ba ta ware ƙaramin shago ba. Ni a ganina babban kuskuren da ake yi shi ne haɗa ayyuka biyu a na'ura ɗaya: wadda ake ɗaukar yatsun ɗalibai da ita, ita ce kuma ake gwada kowane fasasshen abu da aka samo a Telegram.

Ko fayil daga shafin kamfani na asali ma ba ya zama tabbas ɗari bisa ɗari. A 2017 ɓarayi sun cusa cuta a cikin manhajar CCleaner tun daga gidan masu ita, da sa hannunsu da komai, sama da mutum miliyan biyu suka sauke. Amma irin wannan ba kasafai ba ne, kuma idan ya faru, antibairos ɗin da ke kunne yana sabuntawa shi ke fara kama shi bayan an gano.

Abin yi kafin a kai hannu ga makunni

Aikin farko tambaya ce: me ya kama, kuma me ya kira shi? A Windows 10 da 11 amsar na cikin Windows Security, a wurin da aka rubuta Protection history. Sunan da aka ba abin yana da amfani. Idan ya fara da HackTool ko PUA, antibairos na cewa ne wannan makamin fasa lasisi ne ko manhajar da ba lallai kana so ba. Idan ya fara da Trojan ko Ransom, magana ta canza. Bayan nan sai a tambayi asalin fayil ɗin. Daga shafin hukumar da ta fitar da shi aka sauke shi, ko wani ne ya turo ta WhatsApp, ko daga filash ɗin abokin sana'a? Fayil mai tsabta yana iya kwasar cuta a hanya, don haka sake saukewa daga tushe ya fi arha a kan fomatin.

Akwai kuma VirusTotal, shafin kyauta da aka kafa a Sifen a 2004, Google ta saye shi a 2012. Ana ɗora fayil a gwada shi da antibairos kusan 70 a lokaci guda. Idan biyu ko uku marasa suna ne suka yi ƙorafi, manyan suka yi shiru, galibi zargi ne mara tushe. Idan talatin suka yi ca, a bar shi, ko wane ne ya kawo shi. Hattara ɗaya: manhaja ake ɗorawa a can, ban da takardun mutane, domin abin da aka ɗora masu bincike na iya ganinsa.

In an gamsu fayil ɗin na gaskiya ne, ba sai an kashe kariya gaba ɗaya ba. Kowane antibairos na da wurin keɓewa, a Defender ana kiransa Exclusions, inda za a ce wannan folda ɗaya a ƙyale ta. Sauran kwamfutar na nan a tsare. Abin da bai kamata ba shi ne keɓe Downloads ko faifan C gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don su huta. Wannan da kashewa duk ɗaya. Idan kuwa ya zama dole a dakatar da kariyar, a cire intanet, a zare duk filash, a ɗora, a mayar nan take. Defender kan kunna kansa bayan ɗan lokaci, amma Avast da ire-irensa suna ba da zaɓin kashewa dindindin, kuma mai gaggawa shi yake dannawa ya manta.

Sau da yawa ma antibairos ba shi da hannu. Tsohuwar kwamfuta tana da ɗan batiri mai kama da kwabo a cikinta wanda ke riƙe kwanan wata. Idan ya mutu, agogo ya koma shekarun baya, sai sa hannun dijital ya zama kamar lokacinsa bai zo ba, a ƙi amincewa da fayil. Gyaran kwanan wata kawai ya isa. Sabis mai yankewa yana ba da fayil ɗin da bai cika ba. Wutar da ta ɗauke ana tsakiyar aiki tana barin ragowar da ke hana sake ɗorawa. Wata manhajar kuma tsohon .NET Framework 3.5 take nema, wanda ba ya zuwa a kunne. Direbobin tsofaffin firintoci da na'urorin yatsa kan ci karo da wani tsaro na Windows 11 mai suna Memory integrity, kuma maganin wannan sabon direba ne daga shafin masu na'urar. A duk waɗannan an kashe antibairos ne a banza, aikin kuma bai yi ba.

Wani kaso na nauyin yana kan masu ƙera manhajojin da ake tilasta wa makarantu da shaguna amfani da su. Sayen takardar sa hannun dijital ba wani abin a zo a gani ba ne ga hukuma ko ɗan kwangilarta, kuma Microsoft da sauran kamfanonin suna da shafukan da mai manhaja zai miƙa fayil ɗinsa a wanke shi daga zargi kafin ya sake shi. Duk takardar umarnin da ta ce wa mai amfani ya kashe kariyarsa kafin ɗorawa, aikin da mai manhaja ya ƙi yi ne ta juye a kan mai shago.

Matsalar kuma za ta ƙaru kafin ta ragu. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome ya tsaya a kanta a fitowa ta 109, amma har yanzu ana aiki da ita a wurare da dama. Windows 10 ita ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na neman tsarin tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, abin da yawancin kwamfutocin gwanjo masu arha ba su da shi. Defender zai ci gaba da samun sabon kundi a Windows 10 har zuwa Oktoban 2028, amma ramukan ita kanta Windows ba za a riƙa toshe su kyauta kamar da ba. Masu neman tsallake sharaɗin Windows 11 kuwa tuni suka fara yawo da wasu sababbin makamai a filash, kuma da yawansu da umarnin nan na farko suke zuwa.